Tsakanin Lambu da Tukunya

Tun kafin likitoci su zo da ma'auninsu, Bahaushe ya raba abin da ke cikin akushi gida biyu: akwai tuwo, akwai mahaɗi. Tuwo shi ke cika ciki. Mahaɗi kuwa shi ke sa tuwon ya wuce maƙogwaro, kuma a cikinsa ne ganye da mai da daddawa da ɗan nama ko kifi suke taruwa. Tuwon da ba shi da miya sunansa gaya, kuma duk gidan da aka ji ana cin gaya an san babu ta yi masa sallama. Kalmar cefane ma a kan wannan rabo take. Hatsi ana auno shi a ajiye, na mako ko na wata, amma cefane na yau ne kawai, maigida ya miƙa shi da safe, kafin magariba ya ƙare. Wanda ya riƙe waɗannan kalmomi uku, gaya da mahaɗi da cefane, ya kama bakin zaren abin da ke damun unguwannin talakawa a birni irin Yamai. Yawancin gidaje suna samun abin cika ciki, ko da ƙyar ne. Mahaɗin ne yake ƙanƙancewa kullum, alhali jikin yaro daga mahaɗi yake ginuwa.

Yamai ta zama babban birnin Nijar a 1926, lokacin da Turawan Faransa suka ɗauke hedikwatarsu daga Damagaram. Da aka sami ƴancin kai a 1960 mutanenta kimanin dubu 30 ne. Ƙidayar 2012 ta tarar sun haura miliyan ɗaya, kuma har yau ƙaruwa suke yi. Ƙasar Zabarmawa ce, amma da wuya a shiga kasuwar da ba a ciniki da Hausa. Farin 1973 da na 1984, da waɗanda suka biyo baya, kowanne ya koro jama'a daga karkara, suka sauka a unguwanni irin su Bukoki da Talaje da Lazare da Kwara Tegi, wasu kuma suka ƙetare kogi zuwa Harobanda. Mutumin da ya baro ƙauye ya baro rumbu, wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne sauran abubuwan da ya baro: kukar bayan gari, da tafasa da lalo masu tsirowa da kansu da damina, da yakuwar gefen gona, da akuyar da ake tatsa, da itacen da yara ke tsintowa. A ƙauye waɗannan duka kyauta ne ko kusa da kyauta. A birni ko ganye ɗaya sai an sa hannu a aljihu.

Hukuma ta daɗe da sanin darajar tuwo. Tun 1970 aka kafa ofishin OPVN domin tara hatsi, kuma idan shekara ta yi tsanani akan buɗe rumbunan gwamnati a sayar da gero da dawa da masara a kan farashi mai rahusa. Jama'a ma sun nuna cewa ba su wasa da wannan fanni. A 2005, da aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari, ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, wanda Nuhu Arzika yake cikin jagororinsa, ya cika titunan Yamai har gwamnati ta sassauta. A 2023 kuma, bayan takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta sa a ranar 30 ga Yuli, aka rufe iyakar Benin da ta Najeriya, farashin shinkafa ya tashi, kuma ba gidan da ba a yi zancensa ba. Tuwo ke nan, yana da ofishi, yana da rumbu, yana da masu fita zanga-zanga dominsa. Miya kuwa marainiya ce. Idan tumatir ya ninka kuɗinsa sau uku ba wanda yake kiran taro. Uwar gida ce kawai za ta rage hannu, ta ƙara ruwa a tukunya, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Sakamakon wannan ragin yana bayyana ne a jikin yara da mata. Binciken abinci da ake yi a Nijar kusan kowace shekara yana nuna cewa fiye da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kuma fiye da rabinsu suna da ƙarancin jini. Lamarin ya fi muni a karkara, amma unguwannin gefen birni ba su tsira ba. Tamowa mai tsanani ana ganinta da ido, a ruga da yaro asibiti a ba shi abincin gyaɗan nan da ake haɗawa a nan cikin Yamai. Tsumburewa kuwa ba ta da kuka. Yaron yana wasa, yana cin tuwonsa, cikinsa a cike, sai dai jikin ya rasa sinadarin ƙarfe da bitamin A da sauran abin da ganye da wake da nono da kifi ke bayarwa. A gida guda kuma sai a tarar uwar tana fama da hawan jini, kakar da ciwon sukari, domin abincin da ya fi arha a birni shi ne farar shinkafa da taliya da mai da sukari da dunƙulen ɗanɗano mai yawan gishiri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da awo mai sauƙin riƙewa: babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da ƴaƴan itatuwa a yini, gishiri kuwa kada ya kai giram 5. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2020 ya ce mutum fiye da biliyan 3 a duniya ba su da halin sayen abincin da ya cika sharuɗɗan lafiya. A Amurka da Ingila an laƙaba wa unguwar da ba ta da kantin sayar da kayan lambu suna hamadar abinci, kuma a biranen Amurka ana auna ta da tazara, wato mil ɗaya tsakanin gida da babban kanti. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan wata unguwar talakawa a Filadelfiya ya gano cewa buɗe sabon kanti bai sauya abin da mutanen wurin suke ci ba. Idan haka ta faru a can, to a Yamai ma'aunin tazara bai ma taso ba. Da wuya a yi taku ɗari a Bukoki ba a ga teburin kayan miya ba. Albasar Galmi tana nan, tattasan Diffa yana nan, dankalin Bonkuku yana nan. Abin yana gaban ido, hannu ne ba ya kai wa gare shi, kuma abubuwa huɗu ne suke tare hannun: kuɗi, wuta, ruɓewa, da ƙasar noma.

Lissafin kuɗin a bakin matan unguwa ya fi fitowa fili. A Nijar dala ita ce sefa 5, dala 20 ita ce sefa 100, jika kuwa sefa 1,000. Mafi ƙarancin albashi tun farkon 2024 jika 42 ne a wata, wanda in aka raba shi bisa kwana 30 bai kai jika ɗaya da rabi a yini ba, kuma a ciki ne za a fitar da haya da ruwa da magani da kuɗin makaranta. Galibin mazan waɗannan unguwanni ma ba su da albashi. Lebura ne, ko mai tura baro, ko ɗan kabu-kabu, abin da yini ya bayar shi ne cefanen gobe. Matar irin wannan gida, mai baki bakwai da za ta ciyar, in za ta cika awon likitoci sai ta shigo da fiye da kilo 2 na kayan lambu kowace rana. Abin da take yi a zahiri shi ne ta fara cire kuɗin awo, domin yaro ba ya barci da yunwa, sa'an nan kuɗin itace ko gawayi, sa'an nan mai. Ragowar ƴan silalla su ne na miya. Ba jahilci ne ya tsara mata wannan jeri ba. Ta san daɗin miyar alayyafo da kifi, ta kuma san amfaninta, tun da a gidan ubanta ita aka saba ci. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma duk wanda aka ba abin da aka ba ta, jerin da zai yi ke nan.

Wuta ita ce abu na biyu, kuma masu ba da shawara sukan manta da ita. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi kowa noman wake a duniya, daga Najeriya sai ita, amma kaso mai yawa na wannan wake ƙetare iyaka yake yi. Wake abinci ne mai gina jiki, mai arha in an kwatanta da nama. Sai dai ba ya dahuwa da wuri ko an jefa masa kanwa, taliya kuwa kafin a gama jajjage ta nuna. Gero ma haka: sai an surfe, an wanke, an kai inji, an tankaɗe, an tuƙa. Macen da ta fita wankau ko aikatau tun da sassafe, ta dawo da la'asar, wadda ke sayen itace ƙulli-ƙulli, ba ta da lokaci ko makamashin da za ta ba wake. Da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011 an sami gas na cikin gida, kuma gidaje da yawa a Yamai sun koma gare shi. Amma kafin a ci moriyar gas sai an sayi tukunyarsa da kan murhunsa a lokaci guda, talaka kuwa ba ya tara kuɗi dunƙule. Shi ya sa yake biyan tsada kaɗan-kaɗan a kan itace, wanda in an tara na wata ya fi kuɗin gas. Duk tallafin da ya sa tukunyar gas ta shiga gidan talaka, ko da biya sannu-sannu ne, taimakon wake da gero ya yi, ko da ba wanda ya kira shi da wannan suna.

Abu na uku shi ne ruɓewa. Bayan farin 1984 Shugaba Seyni Kunce ya tura jama'a noman rani, kuma tun daga lokacin lambuna suka yawaita a ƙasar. Amma noman rani yana da watanninsa. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin sanyi, kasuwannin Yamai sukan cika da tumatir da salati da kabeji da karas, har manomi ya rasa mai saye, ya zubar da abin da ya lalace. Da zafi ya shigo a Afrilu sai kaya su ɗauke. Da damina kuwa tumatir daga Najeriya da Burkina Faso da Benin ake kawo shi, da kuɗin mota da na hanya a kansa. Wata huɗu na yalwa, sauran shekara na tsada. Kakanni sun san maganin wannan tun da daɗewa: kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, garin kuka, gabu na ganyen albasa, busasshen zogale. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunyar ƙasa cikin wata tukunyar, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi; yayin da ruwan yake bushewa sai cikin ya yi sanyi, kayan miya su ƙara kwanaki. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Dabara ce da ba ta bukatar lantarki, kuma ta fi aiki a busasshiyar iska irin ta Yamai da bazara. Mai tebur da ta san tumatirinta zai kwana uku bai narke ba, ba za ta ɗora wa mai saye asarar da take tsoro ba.

Na huɗu shi ne ƙasa da ruwa, kuma shi ne wanda in ya tafi ba ya dawowa. Ganye ba ya jure doguwar tafiya, saboda haka salati da alayyafo da yakuwar da Yamai take ci yawancinsu a cikin gari ko a bakinsa ake noma su: a gaɓar kogi wajen Yantala da Gamkale da Saga, a hayin Lamorde da Kirkisoy, da kuma cikin kwarin Guntu Yena da ya ratsa tsakiyar birni ya faɗa kogi. Zogale kuwa daga ƙauyuka irin Sarando yake shigowa. Waɗannan lambuna suna tsakanin haɗari biyu. Ɗaya ambaliya ce: a Satumbar 2020 kogin ya kai kusan mita 7 a Yamai, ya fasa madatsa, ya shafe gidaje da lambuna da gonakin shinkafa. Ɗayan kuwa siminti ne. Manomi da yawa aro ko haya suke yi, ba su da takarda, kuma ranar da mai fili ya sami wanda zai gina bene, ranar lambu ya ƙare. Dajin dogonyaro da aka fara dasawa a 1965 domin ya kewaye birnin ya isa misali, don kuwa yankan filaye ya cinye sashe mai yawa daga cikinsa. Abin da ya ci dajin da hukuma ta dasa da hannunta ba zai bar lambun ɗan haya ba.

Ruwan ban-ruwan ma yana da tasa matsalar. Abin da ke gudana a Guntu Yena da rani ruwan kwatamin gari ne, kuma ganyen da ake ci ɗanye yana iya ɗauko taifot da tsutsar ciki da gudawa. Akwai masu ganin maganin abin shi ne a kori manoman. In an yi haka an rage cuta ɗaya an ƙara wata, domin ganyen zai ƙara tsada, waɗanda suka fi bukatarsa su daina saye. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 sun bi wata hanya dabam: a sa shinge a kowane mataki. A bar ruwan ya kwanta a rami kafin a ɗiba, a zuba shi a gindin shuka maimakon a kan ganye, a dakatar da ban-ruwa ƴan kwanaki kafin a tsinka, a wanke kaya da ruwan famfo a kasuwa, a sake wankewa a gida. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a tsakiyar lambunan ta fi duk waɗannan, kuma kuɗinta bai kai na kilomita ɗaya na kwalta ba.

Tsakanin lambun da tukunyar akwai mace guda wadda ba ta cikin kowane tsari na hukuma, alhali ita ce take ɗauke da nauyin duka. Ita ce mai kayan miya ta ƙofar gida. Kafin gari ya waye ta tafi babbar kasuwa ta saro kwando, ta biya mota, ta dawo ta kasa shi kashi-kashi daidai ƙarfin maƙwabtanta: tumatir uku, albasa ɗaya, tsinken yakuwa, daddawar batso ƙwaya biyu, mai a murfin kwalba. Yarinya ta zo ta durƙusa ta ce, "Inna, wai in ji mamata a ba ta na dala 20, sauran sai Baba ya dawo." Ita kuwa ta zuba, ta ƙara gyara, ta ce, "Ki gaishe ta, ki ce mata ya jikin ƙaninki?" Ba kantin da zai sayar da rabin albasa, ba bankin da zai ba da bashin miya ba takarda. Ribarta kaɗan ce, jarinta na yini ɗaya ne, kuma ciwon kwana uku ko haihuwa ko rasuwa a dangi ya isa ya cinye shi. Da ƙaramar kasuwar Yamai, wadda ta yi suna da kayan lambu, ta ƙone a 2012, ƴan kasuwa suka watsu zuwa wasu wurare, irin wannan mace ce ta fara jin nisan a ƙafarta da aljihunta, sa'an nan maƙwabtanta suka ji shi a tukunya.

Ƴar'uwarta ita ce mai dafawa ta sayar. Dambu da zogale, wanda Zabarmawa ke haɗawa da abin da suke kira kopto, da kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, da ɗanwake, da ƙosai da koko, da awara, da fura da nono, da soyayyar fara a lokacinta: waɗannan su ne abincin titi na asali, kuma kusan dukansu masu gina jiki ne. Tukunya ɗaya babba ta fi tukwane ashirin ƙanana tattalin itace, shi ya sa wake yake isa bakin yaron da uwarsa ba za ta iya dafa shi a gida ba. A da ana yi wa zogale kallon cimar shekarar yunwa. Yanzu manyan ma'aikata suna aika yara su sayo musu, likitoci suna yaba shi, har ana kawo shi daga Jiratawa ta jihar Maraɗi. Wannan farin jini yana da daɗin ji, amma yana da haɗari, domin abin da mai kuɗi ya gano amfaninsa yakan fi ƙarfin wanda ya rayu a kansa tun farko. Maganin haka a dasa shi da yawa: a tsakar gida, a makaranta, a harabar masallaci da asibiti. Itace ne mai saurin girma, kuma ruwan alwala ma ya ishe shi.

Akwai birnin da ya taɓa ɗaukar miya ya yi mata ofishi, kuma ko da yake yana da nisa, abin da ya yi ya dace da wannan magana. Belo Horizonte birni ne a ƙasar Birazil mai mutum fiye da miliyan 2, da unguwannin talakawa a kan tsaunukan gefensa. A 1993 magajin garin, Patrus Ananias, ya kafa sashe na musamman mai kula da wadatar abinci, bisa hujjar cewa abinci haƙƙin ɗan gari ne. Sashen bai tsaya ga rabon tallafi ba. Ya ba ƴan kasuwa wurare masu kyau a filayen hukuma, da sharaɗin su sayar da kayan lambu kimanin iri 20 a kan farashi ɗaya mai rahusa da hukuma ta yanke, sauran kayansu kuwa su sayar yadda kasuwa ta kama. Waɗansu aka ɗora musu kai kaya da mota cikin unguwannin da ba su da kasuwa a ƙarshen mako. Ya buɗe wa ƙananan manoma rumfuna a cikin gari domin su sayar kai tsaye ba dillali. Ya buɗe gidan abinci na jama'a inda a lokacin ake cin cikakken abinci a kan real ɗaya, kuɗin ƙasar, kuma ba a tambayar kowa shaidar talauci. Ya riƙa bayyana farashin kasuwanni domin mutane su san inda ya fi arha. Duk wannan bai kai kashi 2 cikin 100 na kasafin birnin ba, kuma a 2009 aka ba tsarin lambar yabo ta duniya.

Yamai ba ta da kuɗin Belo Horizonte, kuma ba a kwafo tsarin wata ƙasa a shimfiɗa shi kamar tabarma. Amma yawancin abin da aka yi a can ba da kuɗi aka yi shi ba, da iko aka yi shi, irin ikon da kowace ma'aikatar magajin gari take da shi: iko a kan fili, da rumfa, da haraji, da izinin zama. Yamai tana da gundumomi 5. Kowace tana iya shata lambunan da ke cikinta a rubuce ta hana yanka su, ta ba manoman takardar zama ta shekaru domin su sami ƙarfin zuciyar haƙa rijiya da dasa itace. Tana iya keɓe rumfa mai inuwa da famfo a kowace unguwa ga masu kayan miya, ta sauƙaƙa musu kuɗin tikiti a madadin tsafta da farashi mai sauƙi a kan ganye da wake. Matan da suka saba adashi suna iya haɗa jari su saro kwando goma a mota ɗaya maimakon kowace ta biya tata. Makarantar da ke ciyar da yara tana iya sayen zogale da wake daga lambun da ke kusa da ita, manomi ya sami kasuwa tabbatacciya, yaro ya sami mahaɗi. Nonon da Fulani ke kawowa cibiyoyin tara madara na Hamdallay da Kollo yana iya tsayawa a Talaje kafin ya wuce unguwannin masu hali.

Wa'azin abinci yana da wurinsa. Yana da kyau uwa ta ji cewa jariri nono zalla yake bukata har wata 6, cewa kunun yaye yana son gyaɗa ko garin wake a ciki, cewa dunƙule ɗaya ya isa inda ake jefa uku, cewa daddawa ta fi shi amfani. Sai dai wanka da gari ba ya maganin yunwa, kuma shawarar da ba a iya saye takan koma zargi a kunnen wadda aka ba. Macen da aka tara a asibiti aka nuna mata hoton ƙwai da kifi da gwanda, ta koma gida da dala 40 a bakin zane, abin da ta ƙaru da shi kunya ce.

Likitoci sun ce daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, kimanin kwana 1,000 ke nan, a nan ake gina tsayinsa da ƙwaƙwalwarsa, kuma abin da ya kuɓuce a wannan tsakani da wuya a mayar da shi daga baya, ko da arziki ya zo. Yaran da aka haifa bana a Kwara Tegi da Kirkisoy ba za su jira a gama muhawara a kan tsarin birni ba. Kafin a yanke shawara a kan fili ɗaya na bakin kogi sun riga sun wuce shekarun, da abin da suka samu a miyar gidansu, ko da yawa ko kaɗan.